Ina Kurmin Yake? Mazauna Agege Suna Kukan Ƙarewar Itatuwa da Filaye

Tun kaka da kakanni, in Bahaushe ya ɗaura kaya ya nufo Kudu, abin da akan ce a gida shi ne wane ya tafi Kurmi. Ba a banza aka sa wannan suna ba, domin fataken farko da suka ƙetaro Kwara sun tarar da ƙasa ce mai duhuwar itatuwa, inda mutum zai yi doguwar tafiya rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Amma yaron da ya baro Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a yau, mota ta sauke shi Agege da hantsi, in ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma ba abin da zai gani sai kwano da bulo da wayoyin lantarki. Sau da yawa ma garin da ya baro, duk da ana ce masa bakin hamada, ya fi nan yawan darbejiya da inuwar da mutum zai shimfiɗa tabarma.

Wannan shi ne kukan da mazauna Agege da kewayenta suke yi, tun daga Orile da Dopemu har Oko-Oba da Ifako da Iju da Abule-Egba. Ba sabon kuka ba ne, amma kullum ƙara ƙarfi yake yi, ana jinsa a bakin masallatai bayan la'asar, da majalisun masu goro, da tarurrukan masu gidaje na unguwanni. Abin sha'awa kuma, magana ce da ta haɗa bakin Yarabawa 'yan ƙasa da Hausawa mazauna zango, waɗanda ba kullum ne ra'ayinsu yake zuwa ɗaya ba. Abin da suke cewa a dunƙule shi ne gini ya yi yawa, ya cinye gonaki, ya cinye filaye, yanzu kuma ya juyo yana cin 'yan tsakar gidajen da suka rage.

SUNAYE SUN RAGE

Wanda yake jin Yarabanci ko kaɗan ne, ba ya bukatar littafin tarihi kafin ya gane abin da aka yi hasara, sai dai ya kasa kunne ga yaran mota suna kiran tashoshi. Idi-Araba, inda Hausawa suke da babbar unguwa kusa da asibitin koyarwa, ma'anarsa gindin rimi. Idi-Oro shi ma gindin wani itacen kurmi ne mai 'ya'ya kamar mangwaro. Igbobi, inda asibitin ƙashi yake, ma'anarsa dajin goro. Oko-Oba gonar sarki ke nan, Abule-Egba kuwa ƙauyen Egbawa. Tashar Mangoro da ke bisa hanyar Abekuta ba ta bukatar fassara. Ita kanta Agege, masu ba da labari suna cewa sunanta ya samo asali ne daga kalmar Yarabanci mai nufin masu saran itace, saboda yawan katakon da ake fitarwa daga wurin a zamanin da. In kuwa haka ne, to, lalle garin ya cika sunansa, don masu saran sun yi aikinsu har sun rasa abin sara.

GORO NE YA KAFA ZANGO

Ya kamata matasan da aka haifa a nan su san cewa itace ne ya kawo kakanninsu Agege. A da can fataken Hausa Gwanja suke zuwa sayen goro, kasuwar Salaga, a ƙasar Gwalkwas wadda ake kira Ghana yanzu, tafiyar watanni da jakuna da 'yan alaro. Da jiragen ruwa suka fara zirga-zirga a bakin teku, sai aka koma ɗauko goron ta ruwa zuwa Ikko, kuma marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin na farkon da suka bi wannan sabuwar hanya. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Badun cikin 1901, ta isa Kano cikin 1911, Agege kuwa ta zama tasha a bisa wannan hanya.

A daidai wannan lokaci waɗansu attajiran Ikko sun buɗe manyan gonaki a Agege da Ifako, shahararre a cikinsu shi ne Jacob Kehinde Coker, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege cikin 1907. Koko suka fara sa wa ƙarfi. Amma da kokon ya gaza a wannan ƙasa, farashinsa kuma ya faɗi bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai manoma suka juya ga goro irin na Gwanja, wanda har yau Yarabawa suke kiransa gbanja. Daga yankin Agege da Ota irin ya bazu zuwa Ifo da Shagamu da sauran ƙasar Yarabawa. Tun da ga goro a gindin tasha, ga jirgi mai zuwa Kano, me zai kai mutum Gwanja? Haka fatake suka sauke kaya, aka yi masauki, aka yi dillalai da 'yan kwamisho da masu ɗaurin huhu, aka gina masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa.

Itacen goro ba ya son gaggawa. Yakan yi shekara shida ko bakwai kafin ya fara 'ya'ya, amma in ya fara sai ya ciyar da wanda ya dasa shi, ya ciyar da 'ya'yansa, har jikoki su tarar. Gonar goro kuma ba ta zama ita kaɗai, akwai kwakwar manja da ayaba da lemo a tsakani, ga manyan itatuwan loko da rimi da aka bari suna tsaye. Dattawan da suka yi ƙuruciya a Agege kafin samun mulkin kai suna ba da labarin yadda matan Yarabawa suke fitowa daga gonaki da kwanduna a ka, an ɓare goro an wanke, suna kawo wa Hausawa a zango, da yadda yaro in ya bar bakin tasha kaɗan sai ya shiga duhuwar da ake tsoratar da shi da ita.

YADDA GONA TA ZAMA FULOTI

Har zuwa 1967 Agege da Ikeja da Mushin ba sa cikin Ikko a wajen mulki, suna ƙarƙashin Jihar Yamma ne. Gwamnatin Yamma ce ta kafa unguwar masana'antu a Ikeja, ma'aikatan da suka cika waɗannan masana'antu kuwa, waɗanda albashinsu bai isa haya a cikin birni ba, sai suka nemi ɗakuna a Agege, nan kusa. Ran 27 ga watan Mayu 1967 aka ƙirƙiro Jihar Legas aka haɗe su duka. Sa'an nan kuɗin man fetur ya zo, aka yi ƙarin albashin Udoji, kowa ya tashi neman fili. Waɗanda suka ga 1975 ba za su manta da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti da suka yi cirko-cirko a bakin Apapa suna jiran saukewa ba. Cikin 1976 aka mai da hedkwatar jiha Ikeja, cikin 1979 aka buɗe sabon filin jirgin sama na Murtala Muhammed, duk a maƙwabtan Agege.

Lissafin da mai gona ya yi a lokacin ba mai wuya ba ne. Eka guda tana ba da fuloti shida na ƙafa 60 a ƙafa 120, kuɗin fuloti ɗaya kuwa ya fi abin da goron ekar duka zai kawo cikin shekaru. Ga shi itatuwan sun tsufa, 'ya'yan gida sun yi boko ba mai son komawa gona. Sai iyalai masu gadon ƙasa suka kira safiyo, aka kafa duwatsun iyaka, aka sa gatari. Ba wanda ya zauna ya zana inda kasuwa za ta kasance, ko filin wasa, ko maƙabarta, domin kowane iyali nasa yankin kawai yake yankawa, kuma duk taƙin da aka bari ba a sayar ba hasara ce a wurinsu. Hanya ma da ƙyar ake barin wadda mota ɗaya za ta bi.

Gwamnati ita ma ta ci nata rabon. Tana da gonakin gwaji da wurin kiwon shanun madara a Agege da Oko-Oba tun zamanin Turawa, waɗanda yawancinsu suka koma rukunin gidaje da makarantu. Har yanzu akwai makarantun da ake kira Dairy Farm, wato gonar madara, inda yara suke karatu ba su taɓa ganin saniya tana kiwo a wurin ba. Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi da yawa, kamar na Abesan a Ipaja, kuma ba mai musun cewa talakawa sun amfana. Sai dai duk inda rukunin gidaje ya sauka, titi da lantarki sukan biyo, daga nan kuma dajin da ke kewaye ya shiga uku.

An yi tsammanin in gwamnatin tarayya ta tashi zuwa Abuja, kamar yadda ta yi cikin Disamba 1991, Ikko za ta sarara. Ba ta sarara ba. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Ikko mutum wajen 665,000. Ƙidayar 2006 kuwa ta ba ƙaramar hukumar Agege ita kaɗai fiye da 450,000, a fili wanda bai kai murabba'in kilomita 20 ba, ta ba maƙwabciyarta Alimosho fiye da miliyan 1.2, alhali yawancinta ƙauyuka ne da gonakin rogo a shekarun 1970. Gwamnatin jihar ma cewa ta yi an rage mata mutane a wannan ƙidaya.

INDA ABIN YAKE YI WA JAMA'A CIWO

Na farko da kowa yake ambata shi ne zafi. Kwano da kankare da kwalta suna shan rana yini guda, in dare ya yi su amayar da ita, saboda haka a watannin Fabrairu da Maris ɗakin haya yakan zama kamar tanderu har asuba. A irin gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, taga ɗaya ce a ɗaki, ita ma tana buɗewa ne bisa bangon maƙwabci. In aka ɗauke wuta, mai janareta ya tayar, hayaƙin ba shi da inda za shi sai ɗakin wanda ba shi da ita. A da mutum yakan ja tabarma gindin mangwaro a tsakar gida. Yanzu mai gida ya sare mangwaron ya yi ɗaki biyu a gurbinsa, ya zuba siminti a sauran wurin don kada 'yan haya su kawo masa ƙarar taɓo.

Simintin nan kuwa shi ne ya jawo abu na biyu, wato ambaliya. Ruwan da yake sauka a Ikko cikin shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. Lokacin da ƙasa take buɗe, ganye yana tare ruwan, saiwoyi suna riƙe ƙasa, fadamu suna shanye abin da ya gangaro. Da aka rufe ƙasa aka cike fadamu aka yi gini, sai ya zama duk ɗigon da ya sauka bisa kwano kwata yake nufa nan take, kwatar kuma ta cika da leda da robobin ruwa. Manyan magudanai irin na Aboru da Arigbanla an matse su da gine-gine dama da hagu. Mutanen Ikko ba su manta da ruwan ran 10 ga watan Yuli 2011 ba, wanda ya yini yana zuba, ya ci rayuka, ya raba dubban mutane da gidajensu. Wanda ya fi shan wuya a irin wannan rana shi ne baƙon da ya kama ɗaki mai araha a gangare cikin rani, bai san dalilin arahar ba sai da damina ta faɗi.

Har wuraren da hankali ma ya hana a zauna ba a bari ba, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da gefen bututun mai. Gobarar bututun da ta tashi a Abule-Egba ran 26 ga watan Disamba 2006 ta hallaka mutum fiye da 200, kuma bututun a tsakiyar unguwa yake ratsawa.

Amma akwai wani ciwon da ya fi taɓa 'yan Arewa musamman, domin rayuwar Bahaushe rayuwar fili ce. Sallar idi fili take so. Ɗaurin aure da suna da zaman makoki a ƙofar gida ake yinsu. Makarantar allo tana son inuwa, mai sayar da raguna yana son wurin kafa turke, dambe da kokawa suna son dandali. Duk waɗannan a da ana yinsu ne a filayen da ba wanda ya damu da su, mai ƙasa ya ce ku yi amfani da shi har ran da Allah ya yi. To, ranar ta zo. Filin da jama'a suka yi shekara talatin suna salla a ciki, sai a wayi gari a ga an zuba yashi da tsakuwa an ja katanga, in aka tambaya a ce jikokin mai ƙasa sun sayar, kuma ba laifi suka yi ba a shari'a, tun da ba a taɓa rubuta kome ba. Shi ya sa ran salla sahu yakan malalo har bisa kwalta, shi ya sa kuma in layya ta matso masu raguna suke kwana a gefen titi suna wasan ɓuya da ma'aikatan tsabtace gari. Maganar maƙabarta kuwa ita ce dattawa suke yi da ƙaramar murya, don waɗanda ake da su suna cika, mutane suna ƙaruwa, fili kusa kuma babu.

Yara su ma an bar su da titi. Akwai filin wasa na gwamnati a Agege, amma fili guda ina zai kai wa wannan taro? Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidan bene suke, ba su da ko inda yaro zai yi gudun taki ashirin.

LAIFIN WA?

A nan ne bakin jama'a yake rabuwa. Ɗan haya yana ɗora wa mai gida, mai gida yana ɗora wa masu sayar da ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, su kuma suna cewa gadonsu ne, kuma ba su tilasta wa kowa saye ba. Kowa kuma yana haɗuwa a kan ma'aikatan tsara gari, waɗanda ake zargin ba sa ganin gini sai ya kai linta. Akwai kuma masu cewa duk wannan kuka na wanda ya riga ya sami wurin kwana ne, domin mutumin da yake kwana a shago ko a baranda ɗaki yake nema, ba inuwar mangwaro ba, kuma in an hana gini kuɗin haya ne zai ƙara hawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba.

Gaskiya kuma ɗaya ce, 'yan Arewa ba za su wanke hannunsu sarai ba. Akwai su cikin masu faskare da masu gawayi da masu haƙar yashi, akwai su cikin leburorin da suke share fili, kuma alhazan da Allah ya buɗa wa, da suka sayi fuloti, ba su bar ko zira'i ɗaya ba su yi shago a kai ba. Masallatai nawa ne a zango aka faɗaɗa har bakin kwata, aka sare itacen da masu jiran salla suke zama a gindinsa?

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, shi yake ba da takardar mallaka, yana kuma da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Ashe ke nan ikon keɓe filin wasa ko maƙabarta yana nan, in an ga dama. A zamanin Gwamna Babatunde Fashola, daga 2007 zuwa 2015, an keɓe ran 14 ga watan Yuli ta zama ranar dashen itatuwa a jihar, aka kafa hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa mai suna LASPARK, aka kuma hana sare itace ba da izini ba. An ƙawata Oshodi da Alausa da gefen manyan tituna, kowa ya gani. Cikin 2016 kuma aka yi dokar hukunta masu ƙwacen filaye. Abin da mazauna Agege suke cewa shi ne dashen bai shigo lunguna ba, ya tsaya inda manya suke wucewa da mota. Manyan ayyukan da yankin ya samu, kamar gadar sama ta Pen Cinema da sabuwar tashar jirgin ƙasa, waɗanda aka buɗe cikin 2021, sun rage wahalar tafiya ƙwarai, amma sun ƙara wa fili tsada, tsadar fili kuwa ita ce babbar abokiyar gabar itace.

Ba Ikko kaɗai ba ce. A Badun, ƙarshen 2023, mutanen gari sun fito zanga-zanga da aka fara sare wani sashe na gandun dajin Ogunpa, kusa da lambun Agodi, don a yi rukunin gidaje. Gwamnatin Jihar Oyo ta ce dajin ya zama maɓoyar miyagu, masu zanga-zangar kuwa suka tuna mata da ambaliyar kogin Ogunpa ta watan Agusta 1980, wadda tsofaffin Sabo suke ba da labarinta har gobe.

Shawarar da masu hangen nesa a zango suke bayarwa ba ta wuce abin da hannu zai iya kaiwa ba. Suna cewa duk filin idi ko na makaranta ko maƙabarta da ya rage a hannun jama'a, a tara kuɗi a kira safiyo a auna, a nemi takarda da sunan amintattun al'umma, kada a sake dogara da alkawarin baka, komai kirkin wanda ya yi shi. Suna kuma cewa Hausawa su daina ƙaurace wa ƙungiyoyin raya unguwa suna ganin na masu gida ne kawai, domin a can ake fara jin labarin filin da za a sayar, kuma takardar koke mai hannun Bayarabe da Bahaushe da Inyamuri ta fi nauyi a ofis. Dashe kuwa ba ya jiran gwamnati. Harabar masallaci da ta Islamiyya da bakin shago duk suna ɗaukar itace ɗaya ko biyu, mutanen da suka raya darbejiya da ruwan rijiya mai gaba ashirin kuma ba za su kasa raya ta a inda ruwan sama yake neman kai da mutane ba.

Waɗanda suka gaji da matsin sun fara yin gaba, sun ƙetara Jihar Ogun, Sango-Ota da Ifo da Agbado, waɗansu kuma Ibafo da Mowe bisa hanyar Badun, inda har yanzu akan ga tsofaffin itatuwan goro da kwakwa a bayan gari. Masu zuwa duba fili a can suna dawowa da labarin cewa duwatsun safiyo sun riga su isa, an jera su a gindin goron, kowane da lambarsa da jan fenti.